Fankar katin hoto a Linux: wa ke riƙe da linzami, mai kwamfuta ko kamfani?

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 ba kowace na'ura take karɓa ba: tana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, abin da kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi. Irin waɗannan na'urori kuwa su ne ake samu a shagunan haɗa bidiyo da ɗakunan wasan kwamfuta na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wasu an saye su a kasuwa, wasu ƴan uwa da ke waje suka aiko. Mafita ɗaya da ba ta cin ko dala ita ce Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara a 1991, wanda kowa ke iya saukewa ya girka kyauta.

Sai dai wanda ya girka Linux a kwamfutar tebur mai katin hoto yakan ci karo da wani abu da bai yi tsammani ba. Ko dai fankar katin ta kama ihu kamar injin niƙa ta ƙi sassautawa, ko kuma ta yi tsit alhali katin yana ɗaukar zafi. Manhajar da ya saba gyara gudun fanka da ita a Windows ba ta nan. Daga nan sai a fara kwafo umarni daga intanet ana liƙawa, wani ya yi aiki, wani ya ƙi, wani ma ya ƙara dagula lamarin.

A ƙasashe masu sanyi, yawancin masu wannan koke hayaniya ce ta dame su. A Nijar maganar ta wuce nan. Ƙarfen da ke sanyaya kati ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi kawai yake kwashewa ya miƙa wa iskar ɗaki. Katin da ke aiki a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22, idan aka kai shi ɗaki mai digiri 42 da aiki iri ɗaya da gudun fanka iri ɗaya, zai doshi digiri 90. Lissafi ne mai sauƙi, kuma duk wanda ya zauna a shagon kwano a watan Afrilu ko Mayu ya san digiri 42 ba tatsuniya ba ce. Katunan zamani suna da kariya: suna rage wa kansu gudu idan zafi ya yi yawa, idan ya wuce iyaka kwamfutar ta mutu. Don haka ba kasafai kati ke ƙonewa farat ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne bidiyon da ya kamata ya fita kafin la'asar ya kai magariba, na'ura ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar aikin mai biki, kuma kwanan katin ya riƙa raguwa a hankali.

Abin da ke juya fanka

Yawancin fankokin katin hoto suna da waya huɗu. Biyu na wuta ne, ɗaya tana kai rahoton saurin juyawa, ta huɗun ita ce ta umarni. Ta wannan waya ake aika sigina mai kunnuwa da mutuwa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, tsarin da ake kira PWM. Gwargwadon tsawon lokacin da siginar take a kunne, gwargwadon gudun fanka. Mai yanke shawarar wannan siginar shi ne abin tambaya. A wasu katunan direba ne, wato manhajar da ke shiga tsakanin Linux da kati. A wasu kuma wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da ke cikin katin kansa, mai aiki da manhajar ciki da kamfani ya rubuta. Kusan duk rikicin fanka a Linux daga wannan rabon iko ya samo asali.

Linux yana da wuri guda da yake baje bayanan zafi da fanka, cikin jakar /sys/class/hwmon. A nan kowace na'ura tana da jakarta, kuma abin da ke ciki fayiloli ne da ake karantawa kamar rubutu. Fayil ɗin temp1_input yana nuna zafi, amma an ninka shi sau dubu: wanda ya ga 65000 kada hankalinsa ya tashi, digiri 65 ne. Fayil ɗin fan1_input yana nuna yawan juyin fanka a minti ɗaya. Sai pwm1_enable, wanda ke faɗin wa ke tuƙi: 2 na nufin an bar wa na'ura, 1 na nufin mai kwamfuta ya karɓi linzami. Bayan an sa 1 ne ake rubuta gudun da ake so a cikin pwm1.

Kafin a taɓa ko ɗaya daga cikinsu, akwai tambayoyi biyu da masu gaggawa ke tsallakewa: wane direba ne ke aiki, kuma wane kanel ne, wato zuciyar Linux ɗin. Umarnin lspci -k yana nuna katin da direban da ke riƙe da shi, ko amdgpu, ko radeon, ko nouveau, ko nvidia. Umarnin uname -r yana nuna lambar kanel. Shawarar da ta yi wa wani aiki a kan amdgpu ba ta da alaƙa da mai nouveau, ko da sunan fayil ɗin iri ɗaya ne.

Katunan AMD

A ɓangaren AMD ƙofar a buɗe take. Kamfanin da kansa yake biyan injiniyoyin da ke rubuta direban amdgpu, wanda ya shiga kanel na 4.2 a 2015, kuma yana zuwa tare da Linux ba sai an sauko da komai ba. A katuna irin su RX 570 da RX 580, da suka fito a 2017 kuma suka cika kasuwannin gwanjo, hanyar hwmon tana aiki kai tsaye. Ana sa 1 a pwm1_enable, sannan a rubuta lamba tsakanin 0 da 255 a pwm1. Lamba 128 kusan rabin gudu ke nan, 255 kuma ƙarshensa.

Matsalolin nan ƙanana ne, amma suna cinye wa mutum yini. Na farko, wanda ya rubuta sudo echo 1 da alamar tura rubutu cikin fayil zai ga an hana shi, ya ɗauka direba ne ya ƙi. Ba direba ba ne. Ikon sudo ya tsaya a kan echo, bai kai ga buɗe fayil ɗin ba. Ana warware wannan da tura lambar ta hanyar sudo tee. Na biyu, lambar jakar hwmon tana iya canzawa daga kunnawa zuwa kunnawa. Katin da yake hwmon2 jiya yana iya zama hwmon3 yau, sai tsarin da aka rubuta ya riƙa aika umarni ga wata na'ura dabam. Fayil ɗin name da ke cikin kowace jaka shi ke faɗin ta wace na'ura ce. Na uku, saitin ba ya zama. Da an kashe kwamfuta an kunna, komai ya koma yadda yake, kuma farkawa daga barci ma tana iya mayar da fanka hannun na'ura. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan duka. Idan aka sa fanka a hannu aka ba ta lamba ɗaya, a nan za ta tsaya. Wanda ya rage ta da dare don ya yi barci, washegari ya fara haɗa bidiyo da rana tsaka ya manta, ya cire wa katinsa kariya ta farko da hannunsa. Haka ma idan wata ƴar manhaja ce ke bin zafi tana sauya gudun, ta mutu ba a lura ba: fanka za ta maƙale a lambar ƙarshe da ta samu. Shi ya sa ya fi kyau a yi amfani da manhajojin da aka gina don wannan aiki, irin su LACT ko CoreCtrl, waɗanda ake zana musu layin gudu bisa zafi su kuma mayar da saitin duk lokacin da aka kunna na'ura. Tsohon kayan aiki na lm-sensors, da umarninsa sensors, har yanzu shi ne hanya mafi sauri ta ganin zafi da gudun fanka a allo ɗaya.

Shirun fanka kuma ba kullum ne alamar matsala ba. Katuna da yawa an ƙera su ne su tsayar da fanka ɗungurungum idan zafi bai kai wajen digiri 50 zuwa 60 ba. An yi haka ne don kunnen mai saye a ɗaki mai sanyi. A ɗakin da iskarsa ta riga ta wuce digiri 40, katin yana zaune dab da wannan iyaka ko ba ya aikin komai, sai fanka ta riƙa tashi tana tsayawa. Mai irin wannan ɗaki ya fi cin riba idan fanka tana juyawa a hankali ba tsayawa, da sharaɗin kada a rage ta ƙwarai, domin ƙasa da wani mataki injin fankar ba ya iya tashi ko an ba shi umarni.

Lambobin zafin ma suna ruɗa mutane. Katunan AMD na baya-bayan nan suna nuna zafi uku: na gefen cif, na wurin da ya fi zafi a cikinsa, da na ƙwaƙwalwar ajiya. Na biyun kullum ya fi na farko. A 2019, da masu RX 5700 suka fara kokawa, kamfanin ya bayyana cewa wurin da ya fi zafi zai iya kai digiri 110 ba tare da ya fita daga ƙa'ida ba. Wannan iyaka ce, ba wurin zama ba.

Da jerin RX 7000 suka fito a ƙarshen 2022, tsohuwar hanyar ta daina aiki. Rubutu a pwm1 ba ya motsa fanka, domin ikon ya koma hannun manhajar cikin kati. Masu waɗannan katuna sun jira fiye da shekara, sai a kanel na 6.7, a watan Janairun 2024, aka samar da sabuwar ƙofa: jakar gpu_od/fan_ctrl, mai fayil ɗin fan_curve da ke karɓar maki biyar na zafi da gudu. Ana rubuta makin, a tabbatar da harafin c, a koma asali da harafin r. Jakar ba ta bayyana sai an kunna wani sashe na direban ta hanyar amdgpu.ppfeaturemask a saitin kunna na'ura. Lambar da aka fi yaɗawa, 0xffffffff, tana buɗe duk sassa ne gaba ɗaya har da waɗanda aka rufe da gangan, alhali wanda ake buƙata guda ne, 0x4000, da ake ƙarawa a kan lambar da take nan. Ikon hana fanka tsayawa kuwa bai zo ba sai a kanel na 6.13, a farkon 2025. Ke nan mai Debian 12, da ke zuwa da kanel 6.1, ba zai ga jakar ba sam. Mai Ubuntu 24.04 da bai sabunta kanel ɗinsa na 6.8 ba zai ga layin gudu, amma fankarsa za ta ci gaba da tsayawa idan zafi ya sauka.

Nvidia da makullin da ba a bayar ba

Labarin Nvidia ya fi tsawo, ya fi ɗaci. Shekaru da yawa kamfanin bai buɗe direbansa ba, bai kuma ba da cikakkun takardun katunansa ba. Sai wasu masu sa kai suka zauna suna lura da yadda rufaffen direban ke magana da kati, suna sake gina shi daga tushe. Wani Bafaranshe, Stéphane Marchesin, shi ya fara aikin, sunansa kuma nouveau, kalmar da ba ta buƙatar fassara ga ɗan makarantar Nijar. Ya shiga kanel na 2.6.33 a 2010. Tsamin dangantakar ya fito fili a watan Yunin 2012, lokacin da Torvalds, a wani taro a jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, ya ce Nvidia ce kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, ya kuma yi mata daƙuwa a gaban kyamara.

A tsofaffin katuna, irin jerin GTX 600 da 700, nouveau yana iya tuƙa fanka. Yana karanta iyakokin zafi daga BIOS ɗin katin, yana kai fanka ƙarshen gudu idan an kai iyaka ta farko, yana kashe kwamfutar idan an kai ta ƙarshe. Fayilolin hwmon suna nan da sunayensu, amma da tarko guda: takardun nouveau sun bayyana pwm1 a matsayin kaso cikin ɗari, ba ma'aunin 255 ba. Wanda ya kwafo lamba daga bayanin AMD ya zuba a nan, ba abin da yake nufi ya rubuta ba.

A 2014, da jerin GTX 900, kamfanin ya sa makulli. Daga nan wasu sassan katin ba sa karɓar kowace manhajar ciki sai mai sa hannun Nvidia, kuma sashen da ke kula da wuta da fanka yana cikinsu. A 2016 kamfanin ya saki manhajar cikin da ta ba nouveau damar zana hoto a waɗannan katuna, amma bai saki ta wuta da fanka ba. Sakamakon shi ne direban ba ya iya ba fanka umarni, katin kuma yana zama a ƙaramin gudun da ya tashi da shi. Haka abin yake a jerin GTX 10 na 2016, irin su 1050 Ti da 1060, waɗanda su ne rahusar da matasa da dama ke iya kaiwa gare ta. Babu umarnin da zai gyara wannan. Mai irin wannan kati da ya kwana uku yana gwada pwm1 a nouveau, ƙofa yake bugawa wadda makullinta ke Kalifoniya.

Hanyar da ta rage masa ita ce rufaffen direban kamfanin. A nan umarnin nvidia-smi yana nuna zafi da gudun fanka, kuma idan aka sa zaɓin Coolbits da lamba 4 a saitin Xorg, manhajar nvidia-settings tana ba da damar juya fanka da hannu. Wannan hanya ta dogara ne da tsohon tsarin allo na X. Masu sabon tsarin Wayland sun fi samun sauƙi da LACT, wadda yanzu take aiki da katunan Nvidia ma. Sai dai ita ma wannan mafaka tana da wa'adi. A 2025 kamfanin ya sanar cewa reshen direba na 580 shi ne na ƙarshe ga katunan GTX 900 da GTX 10. Za su ci gaba da aiki da shi na wani lokaci, amma sababbin rassa sun bar su a baya, buɗaɗɗen direban kuma bai taɓa samun cikakken iko a kansu ba.

Sababbin katuna sun fi sa'a. A watan Mayun 2022 Nvidia ta buɗe sashen direbanta da ke shiga kanel, ga katunan da suka fara daga jerin RTX 20 da GTX 16. Waɗannan suna da wata ƙwaƙwalwa a ciki mai suna GSP, wadda ke riƙe da lamarin wuta da gudu, kuma tun kanel na 6.7 nouveau yana iya aiki da ita, katin ya kai cikakken gudunsa. Ci gaba ne na gaske. Amma a lura da inda ikon ya koma: manhajar GSP a rufe take, ita ke yanke hukunci, buɗaɗɗen direban roƙo yake miƙawa. An buɗe zaure, uwar ɗaki tana nan a kulle.

Idan laifin ba na direba ba ne

Kafin a ɗora wa Linux laifi, akwai gwaji mai sauƙi a katin da ke karɓar umarni. A kai fanka ƙarshen gudu a duba fan1_input. Idan lambar ta hau kuma kunne ya ji, direba yana aikinsa. Idan fanka tana juyawa amma lambar sifili ce, wayar rahoto ce ta katse. Idan ba ta motsa ba sam, ko tana ƙara kamar ana jan ƙarfe, fankar ce ta gaji. A katunan gwanjo ana kuma samun waɗanda mai gyara ya maye musu fanka da mai waya biyu, ko ya jona ta kai tsaye da wutar akwati. Irin wannan tana juyawa da gudu ɗaya har abada, babu direban da zai yi mata magana.

Tarihin katin ma yana da tasiri. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa da katin hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwarara kasuwannin duniya da araha, RX 580 na kan gaba. Masu haƙa da yawa sun sauya BIOS ɗin katunansu, kuma daga BIOS ɗin ne direba ke karanta yadda fanka za ta bi zafi. Kati mai baƙon hali a Linux da Windows duka, a fara zarginsa ta nan.

Sai ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, fanka ta yi ta gudu iska ba ta ratsawa. Ana kashe na'ura a zare wuta, a hura iska, amma a riƙe fikafikan fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Man da ake shafawa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya shi ma yana bushewa da shekaru. Alamarsa ita ce zafi ya yi tsalle cikin ƴan daƙiƙu da fara aiki, ko tazarar da ke tsakanin zafin gefe da na wurin da ya fi zafi ta yi faɗi ƙwarai.

Masu kwamfutar cinya kuwa su huta da neman pwm1 a jakar katin hoto. A yawancinsu wani ƙaramin cif ne a jikin allon uwa ke juya fanka, kuma kowane kamfani da nasa tsari: ThinkPad tana da thinkpad_acpi, wanda ba ya karɓar umarni sai an kunna zaɓin fan_control, Dell kuma tana da nata direban dabam.

Ga wanda bai riga ya saya ba, ko ɗan uwa da ke shirin aiko da kati daga waje, sunan katin ya fi girman ƙwaƙwalwarsa muhimmanci idan Linux za a yi amfani da shi. Tsakanin RX 580 da GTX 1060, waɗanda ƙarfinsu ya yi kusa, na farkon yana da buɗaɗɗen direban da ake ci gaba da kula da shi a cikin kanel, na biyun yana rataye da reshen da kamfani ya ce shi ne na ƙarshe. A shago kuma ana iya tayar da Ubuntu ko Linux Mint daga kilen USB ba tare da an girka komai ba, a duba lspci -k, a buɗe jakar hwmon, a sa katin aiki na minti goma ana kallon zafi da juyin fanka, kafin kuɗi su bar aljihu.